Kunnen Mai Sharhi da Kunnen Mai Sauraro

Duk wanda ya kamu da son kiɗan okestra na Turai alhali yana zaune a Sakkwato ya san cewa ba shi da zauren da zai shiga ya ga makaɗa tamanin ko casa'in suna kiɗa a gabansa, domin ƙungiyar irin wannan kiɗa da aka fi sani a Najeriya tana Legas, a cibiyar MUSON da ke Onikan, tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga nan. Saboda haka abin da muka sani game da Beethoven ko Brahms ko Tchaikovsky ta hanyar faifai muka san shi, ko da kuwa faifan a yau ya koma cikin waya. Matsalar ita ce yawa. Idan mutum ya nemi simfoni na biyar na Beethoven kaɗai (simfoni dogon kiɗa ne na okestra mai babi-babi), ɗaruruwan ɗauka za su bayyana a gabansa, tun daga wadda Arthur Nikisch ya yi da ƙungiyar Filhamonik ta Balin a 1913 har zuwa waɗanda aka fitar a bara, kuma kowace ɗaya tana cin kimanin rabin awa ko fiye na lokacinsa da wani kaso na datarsa. Babu wanda zai iya sauraron dukkansu, don haka dole ya nemi wanda ya riga shi ji.

Masu wannan aiki suna da tsohon tarihi. Mujallar Gramophone ta Ingila, wadda Compton Mackenzie ya kafa a 1923, ta shafe fiye da shekara 100 tana auna faya-fayai wata bayan wata. Mujallar kiɗa ta BBC ta fara fitowa a 1992, Faransa tana da Diapason mai ba da lambar zinariya ga faifan da ya burge ta, Amurka kuma tana da Fanfare tun 1977. Ina girmama waɗannan mutane ƙwarai, domin wasunsu sun ji kiɗa guda a hannun jagororin makaɗa hamsin ko fiye, sun kuma ji shi a zaure da kunnensu, abin da ni ban samu ba. Amma da daɗewa na daina ɗaukar rubutunsu a matsayin hukuncin alƙali. Shaida ce ta mutum ɗaya, wanda ya tsaya a wuri ɗaya, yana da abin da ya tashi yana ji da abin da ya gaji da ji, kuma amfanin shaidar yana fitowa ne idan mai karatu ya san yadda zai warware ta ya mayar da ita abin da kunnensa zai iya tabbatarwa.

Abu na farko da nake yi idan na buɗe sharhi shi ne in tambayi kowace jimla a kan me take magana, domin abubuwa uku ne ke cakuɗe a cikin kowane faifai. Akwai kiɗan da mai tsarawa ya rubuta a takarda, akwai yadda madugun makaɗa ya fahimce shi ya sa ƙungiyarsa ta kaɗa, sannan akwai yadda injiniyoyi suka kama sautin da makirufo a cikin wani zaure. Mai sharhi nagari yana rarrabe su, amma da yawa suna haɗa su a numfashi ɗaya, su ce faifan yana da nauyi ko ba shi da rai, su bar mai karatu bai san ko laifin madugu ba ne, ko na zauren, ko kuwa mai sharhin ne tun asali ba ya ƙaunar wannan simfoni. Idan na ga mutum ya ɓata rabin shafinsa yana nuna cewa kiɗan Bruckner ya cika tsawo da maimaici, to ba na dogara da shi wajen zaɓar wanda ya fi iya kaɗa Bruckner.

Inda aka fi samun saɓani, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne batun gudu. A 1817 Beethoven ya wallafa alƙaluman gudun da yake so a yi wa simfoninsa takwas na farko, ta amfani da na'urar auna bugu da Johann Maelzel ya yi wa rajista shekara biyu kafin nan. Ga babin farko na simfoni na biyar ya rubuta gaɓa 108 a minti guda (gaɓa ita ce ƙaramin yankin da ake raba kiɗa a takarda), gudun da yawancin manyan jagororin tsakiyar ƙarni na 20 suka ga ya yi yawa, suka rage. Otto Klemperer, a faya-fayan da ya yi da ƙungiyar Philharmonia a Landan, yana tafiya a hankali kamar mai aza tubali, yana barin kowane layi ya fito fili. Arturo Toscanini yana kora da ƙarfi da tsauri. Wilhelm Furtwängler kuma ba ya tsayawa a gudu ɗaya, yana ja yana saki gwargwadon yadda ya ji kiɗan yana hawa ko sauka. A ƙarshen shekarun 1980 Roger Norrington ya zo da nufin bin alƙaluman Beethoven kamar yadda aka rubuta su, John Eliot Gardiner ya biyo baya da nasa jerin a 1994, daga nan kunnen duniya ya sauya, har abin da ake kira matsakaicin gudu a 1960 ya zama nawa a wurin wanda ya tashi a 2000. Wannan yana nufin cewa idan mai sharhi ya ce wani madugu ya yi gaggawa, tambayar da ta dace ita ce: gaggawa idan aka gwada da wa? Kuma a wace shekara aka rubuta sharhin? Sharhin da aka rubuta a 1975 da wanda aka rubuta a 2015 suna iya amfani da kalma ɗaya suna nufin gudu biyu mabambanta.

A nan akwai wani tarko da ke kama masu duba tsawon mintuna a bayan faifai. Masu tsara kiɗa na zamanin Haydn da Mozart da Beethoven sukan sa alamar a maimaita sashen farko na babi kafin a wuce, kuma wasu jagorori suna maimaitawa, wasu suna tsallakewa. A babin ƙarshe na simfoni na biyar, Carlos Kleiber ya yi maimaicin a ɗaukar da ya yi da ƙungiyar Filhamonik ta Biyana a 1974, Herbert von Karajan kuwa bai yi ba a tasa ta farkon shekarun 1960 a Balin, sai babin Kleiber ya fi tsawo da kusan minti biyu, ba don ya fi jan ƙafa ba. Wanda ya dubi agogo kawai zai yanke hukuncin da ya saɓa wa abin da kunne zai ji. Mai sharhin da ya san aikinsa yana faɗin ko an yi maimaici, kuma ina ɗaukar wannan a matsayin alamar cewa ya saurara da takardar kiɗan a buɗe a gabansa.

Bayan gudu sai kayan kiɗan kansu. Makarantar Norrington da Gardiner tana amfani da kayan da aka ƙera irin na zamanin mai tsarawa: gogen Turawa mai tsirkiyar hanji maimakon ta ƙarfe, ƙaho marar maɓallai, tambura ƙanana da ake bugawa da sanda mai tauri, da makaɗa kaɗan idan aka gwada da manyan ƙungiyoyin yau. Suna kuma rage karkarwar da mai goge yake sa wa sauti da yatsansa, sannan sukan ɗaure kayansu ƙasa kaɗan da ma'aunin da aka saba da shi a yau, wato girgizar sauti 440 a daƙiƙa guda, su koma wajen 430. Sakamakon shi ne sauti siriri mai kaifi, wanda masu busa da masu tambura suke fitowa sarari a cikinsa. Wani mai sharhi zai ce an wanke kiɗan daga ƙurar shekaru, wani zai ce an ƙwace masa tsoka an bar ƙashi, kuma dukkansu abu guda suke bayyanawa. Haka ake yi wa Karajan ta ɗaya ɓangaren: masoyansa suna yabon santsi da cikar sautin gogen Balin, masu sukarsa suna cewa ya shafe gaɓoɓin kiɗan har komai ya narke cikin juna. Da zarar na gane cewa yabon wannan da sukar wancan suna nuni ga siffa ɗaya, sai na bar tambayar wa ke da gaskiya, na koma tambayar ko ni ina son wannan siffar a cikin wannan kiɗan. Ni dai ina son kaifin tsofaffin kaya a Haydn da farkon Beethoven, amma a Brahms zuciyata tana neman cikar babbar ƙungiya, kuma babu sharhin da ya isa ya sauya mini wannan, sai dai ya nuna mini faifan da zai iya sauyawa.

Har zaman makaɗa yana shiga cikin lissafi. Klemperer yana raba masu goge na farko da na biyu, waɗannan hagu, waɗancan dama, yadda ake yi a ƙarni na 19, don haka idan Beethoven ya sa ɓangarorin biyu suna amsa wa juna, mai sauraro da abin kunne zai ji amsar tana tsallakawa daga kunne zuwa kunne. Idan mai sharhi ya ambaci wannan, ya ba ka abin da za ka iya gwadawa cikin minti biyu.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar mu a nan, wato ingancin ɗauka. Masu sharhi suna yawan magana kan zaure, kuma suna da dalili. Zauren Musikverein na Biyana da aka buɗe a 1870 da Concertgebouw na Amstadam da aka buɗe a 1888 suna riƙe sauti na ɗan lokaci bayan makaɗa sun tsaya, wannan amsa-kuwwar ce ke sa a ce sautin yana da ɗumi da faɗi. Ɗakin 8H na gidan rediyon NBC a Niyok, inda Toscanini ya yi ayyuka da yawa, ya shahara da rashin amsa-kuwwa, shi ya sa ake cewa faya-fayansa busassu ne, kuma wani kaso na tsaurin da ake jingina wa mutumin na ɗakin ne. Karajan ya ɗauki jerin Beethoven ɗinsa na 1961 zuwa 1962 a cikin wata coci a unguwar Dahlem ta Balin saboda kyawun sautinta, na 1975 zuwa 1977 kuma a zauren ƙungiyar Filhamonik ta Balin, kuma ana jin bambancin. Duk wannan gaskiya ne, amma mai sharhin yana zaune ne a ɗaki shiru, gaban lasifikoki masu tsada, a garin da ba a buƙatar fanka. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi yabawa shi ne tazara mai faɗi tsakanin sauti mafi laushi da mafi ƙarfi, wato a bar raɗa ta zama raɗa, tsawa ta zama tsawa. A Sakkwato cikin watan Afrilu, fanka tana juyawa a sama, janaretan maƙwabci yana ruri, babura suna wucewa a titi, irin wannan faifan da aka ba taurari biyar saboda faɗin tazararsa shi ne wanda rabinsa zai ɓace maka. Za ka ƙara murya don ka ji wurin da simfoni na biyar yake rarrafe a hankali daga babi na uku zuwa na huɗu, inda tambari kaɗai ke bugawa ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin goge, sai dukan ƙungiya ta faɗo maka a kunne da ƙarfin da zai sa ka cire abin kunnen. Sau da yawa ɗaukar shekarun 1960, wadda makirufo yake kusa da makaɗa kuma tazarar ba ta kai haka ba, ta fi dacewa da yanayinmu da rana, a ajiye sabuwar sai dare ya raba ko lokacin hunturu da ake kashe fanka. Ba kuskure mai sharhin ya yi ba, ɗakinsa ne ba irin namu ba, kuma ba zai taɓa rubuta wannan a sharhinsa ba domin bai san da mu ba.

Game da tsofaffin ɗauka kuwa, kunnen Basakkwace ya riga ya sami horo. Wanda ya tashi yana jin Narambaɗa ko Jankiɗi a rediyo, cikin shacin tsohon tef, kotso ko taushi suna fitowa a dushe, muryar 'yan amshi tana nisa, bai taɓa cewa waƙar ta rage daraja saboda na'urar da ta kama ta ba, domin ya san abin da yake nema yana cikin azanci da zubin muryar. Da wannan kunnen ya kamata a karanta sharhin da ya ce wani faifai na tarihi ne. Ana nufin a shirya wa sauti mai fitowa ta kafa ɗaya, domin faifan sitiriyo bai shiga kasuwa ba sai 1958, a shirya wa tarin masu kallo da kurakuran da ba a gyara ba. Simfoni na tara na Beethoven da Furtwängler ya jagoranta a Bayreuth ta Jamus a watan Yulin 1951, lokacin da aka sake buɗe bikin kiɗa na garin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana da wuraren da makaɗa ba su shiga tare ba, kuma gudun da ya yi a ƙarshe ya kusa fin ƙarfin ƙungiyar, duk da haka masu sharhi da dama suna sa shi a sahun gaba saboda zafin da ke cikinsa. Ba zan ba wanda bai taɓa jin simfonin ba shawarar ya fara da shi ba. Amma wanda ya san kiɗan daga ɗauka mai tsabta, idan ya dawo kan wannan, zai fahimci abin da ake yabo.

Akwai kuma abin da ke shiga kunnen mai sharhi kafin sauti ya shiga, wato suna da labari. A watan Fabrairun 2007 aka gano cewa faya-fayai masu yawa da aka fitar da sunan wata mai kiɗan fiyano 'yar Ingila, Joyce Hatto, wadda ta rasu a 2006 bayan doguwar jinya, ayyukan wasu makaɗa ne aka kwafa, wasu an ɗan taɓa gudunsu. Asirin ya fara tonuwa ne lokacin da kwamfutar wani mai sauraro ta nuna sunan László Simon a kan faifan Liszt da ke ɗauke da sunanta, kuma daga baya aka tabbatar cewa kiɗan Rachmaninov na fiyano da okestra da aka jingina mata na Yefim Bronfman ne tare da madugu Esa-Pekka Salonen. Kafin nan ƙwararrun masu sharhi sun yi ta zuba wa faya-fayan yabo, labarin tsohuwa marar lafiya da duniya ta manta da ita yana tafe tare da kowane sharhi. Adalci ne a faɗi cewa mujallar Gramophone ce ta bi diddigin maganar ta fallasa ta, kuma kiɗan da aka yaba mai kyau ne da gaske, tun da na ƙwararru ne. Abin da lamarin ya nuna mini shi ne cewa wasu daga cikin ainihin masu kiɗan ba su sami irin wannan yabo ba lokacin da aikin yake ɗauke da sunansu. Tun daga nan, idan na ga sharhi ya cika da tarihin madugu, da shekarunsa, da cewa wannan ce ɗaukarsa ta ƙarshe, nakan ware wannan gefe in ƙirga jimlolin da suka yi magana kan sauti. Haka nan ina tuna cewa mujallu suna rayuwa da tallan kamfanonin faifai, kuma an daɗe ana zargin masu sharhin kowace ƙasa da fifita 'yan ƙasarsu. Ban ɗauki wannan a matsayin rashin amana ba, amma yana sa in nemi ra'ayin Bafaranshe a kan madugun Ingila, da na Ba'amurke a kan na Jamus.

Taurari su ne abin da ido ke fara gani, kuma su ne mafi ƙarancin amfani. Mujallar BBC tana raba su gida biyu, na kiɗa da na ɗauka, wannan ya fi a dunƙule, amma ko a haka taurari huɗu daga mutum mai tsauri sun fi biyar daga mai sakin hannu, kuma ba za ka san wane ne wane ba sai ka bi rubutun mutum ɗaya na tsawon lokaci. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce in nemi abin da mai sharhi ya rubuta a kan faifan da na riga na sani ciki da bai. Idan ya yabi abin da nake ƙauna saboda dalilan da nake ji da kunnena, na sami abokin tafiya. Idan kullum yana sukar abin da nake so, shi ma yana da amfani, domin sukarsa ta zama mini jagora: duk abin da ya kira mai jan ƙafa, akwai yiwuwar ni zan same shi mai natsuwa. Wanda ba shi da amfani shi ne mai jera siffofi, ya ce kiɗan ya yi armashi, ya ratsa zuciya, ba tare da ya nuna babi ko gaɓa ko kayan kiɗa guda ɗaya ba, kuma ba tare da ya gwada faifan da wani ba. Mai cewa a babi na biyu mai busa ya shiga a makare, ko kuwa tambura sun danne goge a ƙarshe, ya ba ka damar ka je ka ji ka ƙaryata shi, kuma wannan shi ne mutumin da ya ɗauki mai karatunsa da daraja.

Dukan abin da na faɗa ya shafi kiɗan da aka ɗauka sau ɗaruruwa, inda aikin mai sharhi shi ne tankaɗe da rairaya. Lamarin yana sauyawa idan aka zo kan kiɗan da ɗaukarsa ba ta da yawa, kamar African Suite na Fela Sowande, ɗan Najeriya da ya tsara shi a 1944 domin ƙungiyar masu goge, ya gina shi a kan karin waƙoƙin Afirka ta Yamma. A irin wannan, mai sharhi ba shi da jagorori hamsin da zai jera, don haka yawancin rubutunsa yana komawa kan kiɗan kansa, kuma yana auna shi da ma'aunin abin da ya sani na Turai. Zai iya gaya maka ko masu gogen sun yi tsabta, ko makirufo ya kama su da kyau, kuma a nan ina karɓar maganarsa. Amma ko makaɗan sun kama rausayar karin da Sowande ya ɗauko daga gida, ko sun miƙar da shi ya zama tafiyar soja, wannan tambaya ce da mai sauraro a unguwar Mabera ko Runjin Sambo a Sakkwato, wanda ya tashi cikin kiɗan da bugu biyu da bugu uku suke tafiya tare, ya fi mai sharhin Landan kayan aikin amsa ta.